Shekara Uku da Bube a Ajin Manya na Tanut

Ɗaya daga cikinku ya ce mini jiya, muna shan shayi a gindin dogon yaron tsakar lakwal, wato makarantar nan tamu, wai shi ajin manya yake so a ba shi bana don ya huta. Ya ce manya ba su surutu, ba su jifan juna da takarda, ba a bin su da tsawa. Gaskiya ne, ba su yin ko ɗaya. Amma tunda ku huɗun nan aka ce za ku karɓi ajin daga hannuna, ku gyara zama in gaya muku yadda aikin yake, don ni ma da irin wannan tunani na shige shi.

Lokacin da aka turo ni Tanut na riga na yi shekara goma sha biyu ina koyar da Faransanci a kwaleji, ina ganin ba abin da ya rage mini in koya a gaban allo. Ajin manya kuwa wani tsohon malamin lissafi ne ya buɗe shi, Mushe Kiyari (mushe, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci), mutumin Damargu gaba da baya, siriri, mai ƙarancin magana. Ya roƙi aji guda a lakwal ɗin nan, Laraba bayan la'asar, Asabar da Lahadi da hantsi, lokacin da yara ba su nan. Waɗanda ke zuwa duk sun taɓa yin lise, babbar sakandare, suka bari. Wani mutuwar uba ce ta cire shi, wata haihuwa, wani ya faɗi bak, jarrabawar gama lise, sau ɗaya ya yi zuciya. Yanzu ga su da aiki da iyali, suna so su koma su zauna jarrabawar a matsayin kandida libur, wato mai shiga da kansa, ba da sunan wata lakwal ba. Akwai magatakardan meri, ofishin magajin gari, akwai direba, akwai mai gyaran famfon ruwa, akwai mata biyu daga likita, wato asibiti. Mushe Kiyari na riƙe da lissafi da kimiyya, yana neman wanda zai kama masa Faransanci da rubutun aiki. Na ce zan iya.

Aikin farko da na ba su insha'i ne, shafi biyu. Na kwashi takardun na je gida na gyara da jan bik, wato biro, yadda na saba yi wa yara. Asabar ta zagayo, na zaɓi wadda ja ya fi rufewa, na ɗaga ta sama, na shiga karanta kurakuran ɗaya bayan ɗaya ina bayani. A ajin yara in ka yi haka dariya ake yi, mai takardar ma ya yi dariya, gobe ya gyara. A nan ba wanda ya yi dariya. Da na gama na ce, “Ta wa ce?” Sai wani dogon mutum mai rawani ya miƙe daga benci na ƙarshe, ya girme ni da shekaru, ya ce, “Tawa ce, Mushe.” Ya zo ya karɓa da hannu biyu, ya ninke ta ya sa aljihu, ya koma ya zauna har aka tashi. Ya yi mini sallama kamar kowa. Bai sake zuwa ba.

Bayan mako biyu Mushe Kiyari ya tsayar da ni a bakin ƙofa.

“Lawali, ina mutumin Ollelewa?”

Na ce, “Bai zo ba, Mushe.”

“Na san bai zo ba. Tambayarka nake ina yake.”

Na ce ban sani ba. Ya ce in nemi izini in shirya ranar Alhamis, zai kai ni inda yake. Sunan mutumin Bube, Bafillace ne daga yankin Belbeji, mataimakin likitan dabbobi, shekararsa kusan ashirin yana yi wa bisashe allura a garuruwan da ke kewaye da Ollelewa. Daga can yake hawo babur duk ƙarshen mako ya zo aji.

Mun same shi a shingen ƙarfen da ake kora shanu ciki don allurar rigakafi. Ban taɓa ganin aiki irin na ranar ba. Shanu na shigowa layi, ƙaho na dukan ƙarfe, makiyaya na ihu da Fulatanci da Buzanci da Hausa, shi kuwa yana amsa wa kowa da harshensa, hannunsa bai tsaya ba. Can sai ya ɗaga hannu aka dakata. Ya nuna wata saniya da ke baya, ba ta ma shigo shingen ba, ya ce a fitar da ita gefe. Ni ban ga komai a jikinta ba. Ya lura da ni tsaye, ya gaishe ni, ya ce, “Mushe, dubi yadda ta miƙa wuya, ta buɗe ƙafafun gaba. Numfashi ke mata zafi. Ciwon huhu ne. In ta kwana uku a cikin garke, sai an yi kuka a rugar nan.” Mai saniyar ya yi gardama. Bube ya sa aka ɗan kora ta da gudu, ta tsaya, ta yi wani tari mai nauyi daga can ciki. Mai ita ya ja ta gefe.

Da aka tashi, ya zauna a inuwar aduwa ya ciro kaye, littafin rubutu, zai rubuta rapor, wato rahoto, zuwa ofishinsu. Ina zaune kusa ina kallo. Mutumin da ya gano ciwo daga nesa, ya yi fiye da rabin awa a kan layi uku. Ya rubuta, ya soke, ya sake. Nan na ba shi haƙuri a kan abin da na yi masa.

Ya ce, “Mushe, ban yi fushi ba. Duk abin da ka faɗa a takardar gaskiya ne. Sai dai a ajin nan akwai wanda a gabana ya girma, Baffa yake ce mini.”

Na ce ya rufe kayen, ya gaya mini da Hausa abin da yake so mutanen ofis su sani. Ya faɗa tsaf: a wuri kaza, rana kaza, garken wane, saniya ɗaya, ga alamun, an ware ta, ana bukatar a zo a duba sauran kafin ranar kasuwa. Na ce, “To ai ka gama rapor. A ina, yaushe, me ka gani, me ka yi, me kake nema. Saura mu sa masa Faransanci.” Muka rubuta tare, jimla bakwai gajeru. Ya karanta sau biyu, ya ce, “Shi ke nan?” Na ce shi ke nan. Asabar ya dawo.

A hanyarmu ta komawa Mushe Kiyari bai yi mini faɗa ba. Abu ɗaya ya ce: kada in sake koyar da babba sai na san aikin da yake yi da safe. Tun daga ranar, duk wanda ya shigo ajin, zaman farko ba karatu, tambaya ce. Me kake yi? Wace takarda ce ke ba ka wahala a wurin aikin? Wane aji ka tsaya? Ba na tambayar dalilin tsayawar. Mai son faɗa zai faɗa da kansa bayan wata biyu.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma duk suna cikin akwatin ƙarfen da zan bar muku. Akwai fensir, da shi ake gyara takardar babba, a gefen layi, ƙanana, yadda zai iya gogewa in ya gyara, ya ajiye aikinsa da tsabta. Akwai tsoffin tambayoyin bak na shekaru da yawa, na jera su ba bisa shekara ba, bisa wuya, don wanda ya yi shekara ashirin bai riƙe littafi ba in ka fara masa da mai wuya ya tafi ke nan. Akwai wata jaka cike da takardun aiki na gaske waɗanda ba a cike ba: takardar neman aiki, ta neman hutu, ta karɓar kaya, ta rahoton wata. Duk Laraba ɗaya muke cirowa mu yi aiki a kai. Sannan akwai gwangwanin madara mai murfi, wanda za ku buɗe ku ga tabarau na kasuwa guda shida ku yi mamaki.

Wannan dabarar Mushe Kiyari ce. Mutum in ya wuce arba'in, ƙananan baƙaƙe kan fara gudun idonsa. Shi bai san ido ba ne, sai ya ɗauka kansa ne ya toshe. Za ka ga yana nisanta littafin, yana karanta layi ɗaya sau uku, da an jima ya ce kansa na ciwo. Mushe Kiyari ba ya ce masa idonka ne. Sai ya wuce ta gefen benci ya ajiye gwangwanin ya ci gaba da bayani. Ranar da Bube ya gwada na uku a ciki, ya dubi shafin, ya dubi Mushe Kiyari, ya ce, “Ashe haka rubutun yake da girma?” Karatunsa ya ninka a wata guda.

Lissafi ma ta hanyar aikinsu yake shigar musu da shi. Bube ya manta duk wata ƙa'ida da aka koya masa a lise, amma in ka nuna masa sa zai gaya maka nauyinsa da yawan maganin da za a ɗura masa, ba zai kuskure ba. Mushe Kiyari ya sa shi ya yi haka a gaban allo da sa uku masu nauyi daban-daban, sannan ya rubuta abin da ya faɗa da baƙaƙen lissafi, ya ja layi a kan allon yana hawa. Ya ce, “Ga abin da kake tsoro. Shekara ashirin kana yin sa a tsaye.” Mai gyaran famfo kuwa da tankin ruwa aka kama shi, direba da mai da nisan hanya.

Ba takarda kaɗai muke koyarwa ba. Akwai wata Ghaisha, Buzuwa, da ke taimaka wa ungozoma a likita, tana zuwa da goyo. Rubutunta ya fi na kowa, amma in babba ya yi mata tambaya a wurin aiki sai muryarta ta ɓace. Saboda ita muka fara abin da har yau ake yi: duk Lahadi mutum ɗaya ya miƙe ya yi bayanin wani abu na aikinsa minti biyu da Faransanci, a yi masa tambaya uku. Ranar farko ta tsaya tana murza bakin mayafi, ba ta kai rabin minti ba. Ba wanda ya matsa mata. Wata na huɗu ta tsaya ta yi mana bayanin yadda ake gane mai ciki da jininta ya hau, direba ya yi mata tambayar ƙure, ta ce, “Ka bari in gama, zan zo kan wannan.” Ajin ya tafa mata, yaron da ke bayanta ya farka ya sa kuka.

Abin da ya kawo Bube ajin kuwa, shi ya gaya mini da bakinsa. Ya kai aji na biyu na lise a Damagaram babansa ya rasu, ya koma ya riƙe garke da ƙanne. Daga baya aka ɗauke shi aikin allura, har ya zama shi ke jagorancin masu allurar yankinsa. Sai aka sanar da su cewa nan da shekara biyu duk mai riƙe da irin wannan matsayi sai yana da bak a dosiyensa, wato fayil ɗinsa na aiki, in babu a kawo mai shi. Shekara biyu ke nan gare shi, ba ƙari. Muka tsara: ta farko a tada abin da ya kwanta, ta biyu a shiga jarrabawa.

Shekarar farko ta tafi daidai. Ta biyu ita ce mummunar shekarar da ba na fatan ku gani. Ruwa ya sauka a makare, ya ɗauke da wuri. Ciyawa ta fito kamar gashin gemu ta bushe a tsaye, gero bai cika ido ba. Kafin rani ya yi nisa makiyaya sun fara gangarawa kudu, wanda ya makara kuwa bisashensa na faɗuwa a hanya. Kun san ƙasar nan, in dabba ta wahala kowa ya wahala, har mai zama ofis, don kowa na da uwa ko ƙane a daji. Muka fara shekarar da mutum ashirin da ɗaya. Wannan ya ce zai kai wa iyayensa dusa, wancan ya tafi cirani, waccan mijinta ya tafi ya bar mata gida. Ba wanda ya ce ya daina, sai dai benci ya zama wayam. Da zafi ya shigo mutum huɗu suka rage. A cikin watannin nan ne kuma Mushe Kiyari ya kwanta, kwana tara Allah ya karɓi abinsa. Na koma ina koyar da Faransanci, ina roƙon malaman lissafi na lise su ba ni awa ɗaya ɗaya.

Bube na cikin waɗanda suka tafi, amma shi aiki ya tafi da shi. Aka tura shi ya bi garkunan da suka gangara, yana ba da magani, yana duba waɗanda za a yanka kafin su mutu a banza. Nasa shanun ma suna cikin masu faɗuwa. Kafin ya tafi ya zo gidana da azahar, ya ce, “Mushe, kada ka cire sunana.” Muka shirya da wani direban babbar mota da ke kai dusa wajen da suke. Duk ranar kasuwa in ba shi ambulan mai aikin mako, ya dawo mini da na makon da ya wuce. Takardun nan na dawowa da warin maganin dabbobi, da yashi a cikin ninki, wani lokaci da tabon shayi. Wani mako a zo da shafi huɗu, wani mako rabin shafi, a ƙasa ya rubuta cewa ya yini yana tada shanu da igiya, hannunsa ya ƙi riƙe bik. Sau biyu ambulan ya dawo yadda na aika shi, direban bai same su ba, sun ƙara gaba. Ban taɓa samun ɗalibi mai naci irin wannan ba, amma na san karatun ambulan ba zai kai mutum bak ba. Shi ma ina jin ya sani.

Duk da haka ya zo jarrabawa. A Damagaram mutanenmu suka zauna ta, na raka su. Sai a can na san cewa ƴarsa ta fari, Dije, da ke zaune wajen gwaggonta tana lise, ita ma a shekarar za ta zauna bak, kuma a wuri ɗaya aka sa su. Bai taɓa gaya mini ba. Ko sunanta ba ya kamawa, kunyar ɗan fari, sai dai ya ce “yarinyar nan”. Da safiyar ranar farko suka iso ƙofa tare, ya rame, rana ta ƙone shi, mai gadin ƙofa ya tare shi.

“Baba, a nan iyaye ke tsayawa.”

Bube ya fara lalube a aljihu. Dije ce ta ce, “Shi ma ɗan jarrabawa ne.” Ya ciro takardar kira da katin shaida. Mai gadin ya duba hoto, ya duba fuska, ya matsa gefe ya sara masa.

Ranar sakamako aka tara mu a tsakar lise, shugaban masu gyaran takardun jarrabawa ya fito yana kiran sunaye da lasifika. Aka kira Dije. Ƙawayenta suka rufe ta da guɗa. Aka ci gaba har aka gama na waɗanda suka ci, aka kira na waɗanda za a ba dama ta biyu, babu Bube. Babu ko ɗaya daga ajina, har Ghaisha da na sa wa rai. Na juya ina neman abin da zan ce masa. Ya riga ni.

“Mushe, ka ji sunan yarinyar nan da kunnenka? Hayaniya ta yi yawa.”

Na ce na ji, kuma da daraja ta ci. Ya ce alhamdu lillahi sau uku. Dije ta ratso mutane ta zo ta durƙusa a gabansa tana kuka, kukan da ba na murna kaɗai ba. Ya ce mata, “Tashi, mutane na kallo. Yau ba ranar kuka ba ce.” Daga cikin awaki biyar da suka rage masa ya sa aka yanka mata ɗaya.

Wa'adin shekara biyu ya cika, aka kawo wani saurayi mai takarda aka ɗora a kan masu allurar yankin. Bube ya koma ɗaya daga cikin masu karɓar umarni. Ni kaina na yanke shawarar rufe ajin. Wanda ya kafa shi ya rasu, shekara guda ba ko mutum ɗaya da ya ci, me zan ce wa direktan lakwal in roƙi aji? Da aka koma lakwal bayan damina, Asabar ta farko na zo ɗaukar akwatin nan in kai gida. Na tarar da babur a gindin bishiya, Bube na zaune a bakin ƙofa, Ghaisha na gefe da yaronta da ya fara tafiya.

Na ce, “Malam Bube, kujerar ai ta tafi. Me za ka yi da bak yanzu?”

Ya ce, “Kujera ta tafi, Mushe. Yaron da aka kawo yana da ladabi, yana da ilimi, in ya yi shekara goma zai iya aikin. Amma bara na ga abin da na gani. Tun kaka na san ciyawar nan ba za ta kai mu ba. Na faɗa a taro, aka ce an ji. Da mai takarda ne ya faɗa, da an rubuta. Ina so in na yi magana a rubuta.”

Na buɗe ƙofar. Muka fara da mutum biyu, kafin wata ya ƙare mun kai tara.

Na nemo makinsa na bara na zauna a kai. Abin da na gano ya ba ni haushin kaina. Ba rashin sani ya fi kayar da shi ba, lokaci ne. Yakan rubuta amsa duka a takardar gwaji wadda ba a miƙawa, sannan ya fara kwafewa da kyau a ta gaske, sai a ce a ajiye bik yana tsakiya. Babba ba ya son miƙa aiki mai datti, kunya yake ji, gara ya miƙa rabi mai tsabta. Wannan ciwon kusan dukansu ne, ku lura da shi. Na sayo agogon bango na rataye a saman allo. Duk Asabar ta ƙarshen wata mu yi jarrabawar gwaji, awa huɗu cur, ba fita. Na hana shi rubuta jimla a takardar gwaji, sai kanun magana kaɗai, minti arba'in, daga nan ya shiga ta gaske kai tsaye. Karon farko da na karɓe takardar daga hannunsa lokaci na cika, yana cikin rubuta kalma, ya dube ni da wani irin ido. Na ce, “Can ma haka za a yi maka, kuma can ba su san ka ba.” A gwaji na huɗu ya gama da saura minti goma, ya zauna yana duba aikinsa kamar mai duba garke.

Dije kuwa, kafin ta tafi jami'a, ta ɗaure duk kayenta na ajin ƙarshe da igiya ta aiko masa. A gefen shafuka ta yi masa ƴan rubuce-rubuce da fensir: wannan yana fitowa kullum, wannan kada ka ɓata lokaci a kansa. Ya nuna mini yana murmushi, ya ce, “Yarinyar nan ta fi ka tsanani, Mushe.”

Damina ta yi kyau a shekarar, aiki ya yi sauƙi, bai rasa ko Asabar ɗaya ba. Muka koma Damagaram mu tara. Ranar sakamako aka kira Ghaisha a cikin waɗanda suka ci kai tsaye, aka kira magatakardan meri. Sunan Bube ya fito a cikin masu dama ta biyu, waɗanda makinsu ya kusa bai kai ba. Kwana biyu muka yi a inuwar wani masallaci muna bita tun hantsi har la'asar. Ya shiga jarrabawar baka, ya fito, na tambaye shi yaya, ya ce, “Na faɗi abin da na sani, abin da ban sani ba na ce ban sani ba.”

Washegari da la'asar aka sake tara mu, taron bai kai na farko ba. Sunansa ne na shida. Bai yi ihu ba, bai ɗaga hannu ba. Ya tsuguna a inda yake, ya dafa ƙasa da tafin hannu biyu, ya jima a haka. Samarin da suka zauna jarrabawar tare da shi suka zagaye shi suna “Baba ya ci! Baba ya ci!” Da ya miƙe ya riƙe hannuna, ya ce a yi wa Mushe Kiyari fatiha, muka yi a tsaye a wurin. Bayan shekara biyu da wannan takardar aka tura shi ƙarin horo, yau yana cikin waɗanda ake tambaya kafin a tsara aikin rani a yankin. Amma wannan daga baya ne.

A ranar, da muka fito bakin titi, ya ce zai kira mahaifiyarsa. Tsohuwa ce tukuf, tana ruga a bayan Belbeji, ba ta da waya, sai an kira wani maƙwabci ya kai mata. Muka tsaya muna jira har aka kai. Ya yi magana da Fulatanci, ya saurara, ya sake magana, sai na ga ya kama dariya har yana share ido da bakin rawani. Da ya kashe na ce me Inna ta ce.

Ya ce, “Na gaya mata na ci. Ta ce, wannan ita ce lakwal ɗin da aka zo aka ɗauke ni ina shekara bakwai, tana bin mu a baya tana kuka? Na ce ita ce. Ta ce, yanzu an gama ke nan? Na ce an gama, Inna. Ta ce, kai, wannan lakwal da daɗewa take. To tunda sun sake ka, ka zo gida, jar saniyar nan tun jiya ba ta tuƙa ba.”

Ko tsirin da na ce zan saya masa bai tsaya ci ba. Ya rataya jakarsa, muka nufi tasha neman motar Belbeji.